Katako Kafin Zarto: Ilimin Zaɓen Kayan Aikin Kafinta a Gida

Gabatarwa

Akwai wani abin mamaki da ke faruwa a gidaje da makarantun ƙasar Hausa kowace shekara, wanda sabo ya sa ba a cika tsayawa a nemi dalilinsa ba. Ƙofar katakon da take rufuwa salin-alin a watan Janairu, idan Agusta ya kama sai an sa kafaɗa kafin ta shiga gurbinta. Teburin da aka ƙera da damina kuwa, da zarar hunturu ya buso sai a ga fuskarsa ta dare har ana iya zura tsinke. Mai kaya ya ɗora laifi a kan kafinta, shi kuma kafinta ya ɗora a kan rashin kayan aiki na zamani. Sau da yawa dukansu biyu ba su gano mai laifin ba.

Matasa da yawa, har da waɗanda suka koyi aikin katako a makarantun sakandare da na koyon sana'a, sukan kafa ɗan wurin aiki a zaure ko a wata rumfa a bayan gida. Abin da ke fara zuwa zuciyar irin wannan matashi shi ne wane inji zai saya. Amma akwai tambayar da ta riga wannan, wato mene ne shi kansa katakon? Ai katako ba kamar ƙarfe ko roba yake ba, waɗanda ake narkawa a zuba a masana'anta. Jikin wani abu ne da ya taɓa rayuwa, ya sha ruwa, ya yi kokawa da iska shekara da shekaru. Siffar haƙorin zarto, da kaifin bakin kurfi, da hatsarin da ke tattare da injin yanka, duk sun samo asali ne daga yadda bishiya ta gina jikinta. Wanda ya fahimci haka zai kashe kuɗi kaɗan, ya yi aiki mai ƙarko, kuma ya tsufa da yatsunsa goma cif.

Yadda Bishiya Ta Gina Jikinta

A shekarar 1665 wani masani ɗan Ingila mai suna Robert Hooke ya yanko ɓawon wata bishiya siriri, ya duba shi da madubin ƙara girman abu. Sai ya ga ashe ya ƙunshi 'yan ƙananan ɗakuna a jere kamar saƙar zuma. Waɗannan ɗakuna su ne ake kira ƙwayoyin halitta. Katako ma haka yake, sai dai yawancin ƙwayoyinsa dogaye ne sirara, masu rami a ciki kamar bututu, kuma sun miƙe ne daga saiwa zuwa rassa. Wasu suna kai ruwa daga ƙasa zuwa ganye, wasu kuma aikinsu riƙe nauyin bishiyar. Domin sauƙin fahimta, mai karatu ya ɗauki katako tamkar damin karan dawa wanda aka ɗaure tamau aka liƙe da danƙo. Hanyar da karan ya miƙe ita ce za a riƙa kira jijiyar katako a cikin wannan bayani.

An gina bangon ƙwayoyin da sinadarai muhimmai. Akwai selulos, mai kama da zare, wanda ya kai kashi 40 zuwa 50 cikin 100 na nauyin busasshen itace. Akwai kuma lignin, wanda ke aikin danƙo, kimanin kashi 20 zuwa 30 cikin 100. Zaren yana da ƙarfi ƙwarai ta tsawonsa, amma raba zare da ɗan'uwansa abu ne mai sauƙi. Shi ya sa mai faskare ke tsaga gungume ta tsaye da sara biyu ko uku, amma in ya tashi datse shi ta kwance sai ya yi gumi.

Wani abin sha'awa shi ne, abin da aka gina bangon ƙwayoyin da shi nauyinsa kusan ɗaya ne a kowane irin itace, ya fi ruwa nauyi kamar sau ɗaya da rabi. Abin da ya bambanta itace mai tauri da mai laushi shi ne kaurin bangon da yawan ramin iska. Busasshen obece mai tsawo da faɗi da kauri mita ɗaya-ɗaya yana da nauyin kimanin kilo 380, iroko kuwa kimanin kilo 660, kirya da marke sun fi su duka. Masassaƙan ƙasar Hausa sun daɗe da sanin wannan bambanci a aikace. Kirya suke nema don turmi da taɓarya, aduwa don allo, magina kuma su nemi giginya don azara.

Haka kuma, idan aka datse gungume za a ga tsakiyarsa ta fi duhu, gefensa kuma fari. Tsakiyar, wato zuciyar itace, ta ƙunshi sinadaran da ke korar ƙwari da funfuna. Farin gefen kuwa a nan bishiya ke ajiye abincinta, don haka nan ne gara da ƙwari masu huda itace ke fara sauka. Mai sayen katako a kasuwa irin ta 'Yan Katako da ke Na'ibawa a Kano, ya kamata ya duba yawan farin gefen da ke jikin kowane falanki kafin ya biya kuɗi.

Ruwan da Ke Cikin Katako

Ɗanyen itace cike yake da ruwa. Wani ruwan yana zaune a cikin ramukan ƙwayoyin, wani kuma ya shige cikin bangonsu. Na cikin rami shi ke fara fita, kuma fitarsa ba ta canza girman katako. Amma da zarar danshin ya sauko ƙasa da kimanin kashi 30 cikin 100, sai bangon ya fara sakin nasa ruwan, a nan ne katako ke fara tsukewa. Kuma tsukewar ba ɗaya take ba ta kowane ɓangare. Ta tsawo kusan babu ita. Ta faɗi kuwa tana da yawa, sannan wadda ke bin zagayen gungume ta kan ninka wadda ke tafiya daga tsakiya zuwa ɓawo kusan sau biyu. Wannan rashin daidaito shi ke sa falanki ya kantare ko ya yi kwari kamar akushi.

Ko bayan ya bushe, katako ba ya daina shan laimar iska da amayar da ita. Idan laimar iska ta kai kashi 80 cikin 100, kamar yadda ake samu a tsakiyar damina, danshin katako yakan tsaya a wajen kashi 16. Idan ta sauko zuwa kashi 20, kamar lokacin hunturu a Kano ko Damagaram, sai danshin ya koma wajen kashi 4 zuwa 5. A tsakanin waɗannan yanayi biyu, falanki mai faɗin santimita 30 zai iya tsukewa da milimita 5 har zuwa kusan santimita ɗaya, gwargwadon irin itacen da yadda aka yanko shi. To, ga sirrin ƙofar nan ta Agusta da teburin hunturu. Ƙari a kan haka, yawancin katakon da ake sayarwa a Arewa daga dazuzzukan Kudu ake kawo shi, inda iska ke da laima kusan duk shekara, kuma sau da yawa yakan iso bai gama bushewa ba.

Babu injin da zai gyara wannan. Maganinsa shi ne a jera falankai a inuwa, nesa da ƙasa, a sa 'yan sanduna masu kauri ɗaya a tsakaninsu don iska ta ratsa, a ɗora nauyi a sama, a kuma shafa fenti a bakunansu biyu domin ta nan ruwa ya fi saurin fita har ya jawo tsagewa. Sannan a wajen ƙira a bar wa katako wurin motsi. Alal misali, allon tsakiyar ƙofa a zura shi cikin gurbi ba tare da gam ba, don ya kumbura ya saɓe yadda ya ga dama.

Kayan Hannu Su Ne Tushe

Mai kafa wurin aiki a gida ya kamata ya fara da benci mai nauyi wanda ba ya rawa, da abin matse katako a jikinsa. Hannun da ke riƙe da katako shi ne hannun da kurfi ke soka, saboda haka duk aikin da aka matse shi da ƙarfe an rage masa hatsari. Bayan benci sai kayan awo: tef, da sikwaya ta ƙarfe, da fensir. Ana gwada gaskiyar sikwaya tun a shago. A jingina ta da miƙaƙƙen gefen katako a ja layi, a juya ta a sake ja a wuri ɗaya. Idan layukan biyu suka rabu, to karkatacciya ce, kuma duk abin da aka auna da ita zai gaji karkatarta.

Zarton hannu iri biyu ne, kuma jijiyar katako ce ta raba su. Na tsagawa, wanda ke bin jijiya, haƙoransa manya ne masu faffaɗan baki kamar jerin ƙananan kurfi, guda 4 zuwa 6 a kowane inci, suna kankare ƙarshen zaren suna fitar da shi. Na datsewa, wanda ke ratsa jijiya, haƙoransa ƙanana ne masu kaifin gefe kamar wuƙaƙe, guda 8 zuwa 12 a inci, suna yanke zaren ta dama da hagu kafin su kwashe tsakiya. In aka datse da zarton tsagawa sai bakin aiki ya yi gashi-gashi. In aka tsaga da na datsewa kuwa sai gajiya ta riga aiki ƙarewa. Haka nan akan ɗan karkata haƙoran zarto, ɗaya dama ɗaya hagu, domin hanyar da suke buɗewa ta fi ruwan zarton faɗi, kada ya maƙale.

Sai filen, wato abin fere fuskar katako. Ƙa'idarsa ita ce a bi kwanciyar jijiya, kamar yadda ake shafa gashin doki daga wuya zuwa gindi. In aka tunkari jijiya, bakin filen yakan ɗaga zaren ya fizge shi, ya bar ramuka. Sai dai itatuwan ƙasashe masu zafi da yawa, irin su maɗaci da iroko da sapele, wanda ya samo sunansa daga garin Sapele na Jihar Delta, suna da jijiya mai sarƙiya. Bishiyar takan yi wasu shekaru zarenta na karkata dama, sannan ta juya hagu. A irin wannan katako dole baki ya yi kaifi ƙwarai, a riƙa ɗibar siriri, a kammala da abin kankara ko samfefa.

Ragowar kayan su ne kurfi uku ko huɗu masu faɗi daban-daban, da gudumar katako ta bugun su, da gudumar ƙarfe mai bakin cire ƙusa, da magagari, da sukudireba, da filaya. Ita ma ƙusa tana da nata ilimin. Tsininta yana shiga tsakanin zare da zare ya raba su kamar yadda gatari ke yi, shi ya sa katako ke tsagewa in an kafa ta kusa da baki. Idan aka ɗan dakushe tsinin da guduma, sai ta murƙushe zaren maimakon ta raba shi. A katako mai tauri kuwa, gara a fara huda ƙaramin rami.

Kaifi Ya Fi Tsada Muhimmanci

Hausawa na cewa araha ba ta ado, kuma gaskiya ne ƙarfe mai laushi ba ya riƙe kaifi. Amma kurfi mai tsada da ya dakushe bai kai na tsaka-tsaki da aka wasa amfani ba. Baki mai kaifi yana yanka bangon ƙwayoyin katako, dakusasshe kuwa murƙushe su yake yi, sai an sa ƙarfi, kuma wurin sa ƙarfi ne hannu ke zamewa. Akan gyara bakin kurfi da na filen a kan digiri 25, sannan a wasa ƙarshensa a kan digiri 30. Don haka dutsen washi mai fuska biyu, mai kaushi da mai laushi, yana cikin abubuwan da za a fara saye.

Wasu itatuwan sun fi wasu cin baki. Tik yana ɗauke da sinadarin silika, irin wanda ke cikin yashi. Iroko kuma wani lokaci akan tarar da dunƙulen sinadari irin na farar ƙasa a ɓoye a cikinsa, mai tauri kamar tsakuwa. Mai yawan aiki da irin waɗannan, in ya tashi sayen faifan inji, ya nemi mai haƙoran kabayid, domin sun fi na ƙarfe zalla daɗewa da kaifi.

Lokacin Sayen Inji

Inji ba ya koya wa mutum aiki, sauri kawai yake ƙara masa, har da saurin ɓarna. Wanda bai iya bin layi da zarton hannu ba, inji ba zai miƙar masa da hannu ba. Idan lokaci ya yi, abin da ya fi dacewa a fara da shi shi ne injin huda, domin yana da amfani da yawa kuma hatsarinsa kaɗan ne. Daga nan sai ƙaramin zarton lantarki mai yankan lanƙwasa, sai injin goge katako, sannan zarto mai faifai. Babban injin fere falanki kuwa ba dole ne a mallake shi ba, tunda a kasuwannin katako ana fere wa mutum a kan kuɗi kaɗan.

Kafin a biya kuɗi a karanta ɗan allon da ke manne a jikin injin. Wutar lantarkin Nijeriya da Nijar tana wajen bolt 220 zuwa 230 ne, alhali injinan da aka ƙera don kasuwar Amurka na bolt 120 ne. Irin waɗannan sukan shigo cikin kayan gwanjo, kuma in aka jona su kai tsaye sai su ƙone. A kuma duba yawan wat. Zarto mai faifai na hannu yakan ci wat 1,200 zuwa 1,800, kuma a daidai lokacin tashinsa yana jan fiye da haka, don haka ƙaramin janareta mai ƙarfin ƙasa da wat 1,000 ba zai ɗauke shi ba. Shi kuma janareta a waje ake ajiye shi, nesa da taga, domin hayaƙinsa na ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari, tana kama jini ta hana shi ɗaukar iskar oksijin. Abu na ƙarshe, a tabbata ana samun kayan gyaran injin a gari, kuma murfin kariyarsa yana nan lafiya.

Injin Zarto da Saurin Ɗan'adam

Zarton tebur shi ne injin da masu aikin katako suka fi sha'awa, kuma yana cikin waɗanda suka fi raba mutane da yatsunsu. Hukumar kare lafiyar masu sayen kaya ta Amurka ta ƙiyasta cewa a shekarar 2015 mutum fiye da 30,000 ne aka kai sashen gaggawa na asibitocin ƙasar saboda raunin wannan inji. Ɗan lissafi kaɗan zai nuna dalili. Faifai mai faɗin santimita 25 da ke juyawa sau 4,000 a minti ɗaya, bakinsa na gudun kusan kilomita 190 a awa. In yana da haƙora 40, to haƙora fiye da 2,600 ne ke wucewa a kowace daƙiƙa. Shi kuwa ɗan'adam, kafin saƙo ya tashi daga ido ya je ƙwaƙwalwa ya dawo ga tsokar hannu, akan ɗauki kimanin kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. A wannan ɗan lokaci haƙora fiye da 500 sun wuce. Ashe ke nan babu wani gwani da zafin namansa zai cece shi. Kariya ita ce kada hannu ya kusanci faifai tun farko.

Babban hatsari na biyu shi ne harbin katako, kuma shi ma daga rayuwar bishiya ya samo asali. Bishiyar da ta girma a karkace, ko reshen da ya daɗe yana ɗauke da nauyi, suna ajiye wani irin ɗauri a cikin zarensu. Da zarar zarto ya buɗe hanya, sai ɗaurin ya saki, tsagar ta rufe ta cije bayan faifai. Haƙoran baya kuwa sama suke tashi, sai su ɗaga katakon su jefo shi ga mai aiki, wani lokaci su janyo hannunsa zuwa kan faifai. Saboda haka ake sa wani siririn ƙarfe a bayan faifai don ya riƙe tsagar a buɗe, kuma cire shi kasada ce. Sauran ƙa'idojin su ne: a tura katako da sandar turawa, a tsaya a gefen layin yanka, kada a yanka kantararren falanki, kada a sa safar hannu ko riga mai faffaɗan hannu kusa da abin da ke juyawa, kuma a zare wayar inji daga soket kafin a canza faifai.

A shekarar 1999 wani Ba'amurke mai suna Steve Gass ya ƙirƙiro wata dabara da ke amfani da yadda jikin mutum ke ɗaukar lantarki. Injin mai suna SawStop, wanda ya shiga kasuwa a 2004, yana gane taɓawar fata ya tsayar da faifai cikin kimanin kashi 5 cikin 1,000 na daƙiƙa. Amma yana da tsada, don haka ga yawancin masu aiki a gida ɗabi'a mai kyau ita ce birki. Akwai kuma wata mummunar al'ada da ya wajaba a guje mata, wato ɗaura faifan zarto a kan ƙaramin injin gurza ƙarfe. Wannan inji yana juyawa wajen sau 11,000 a minti, ba a yi shi don katako ba, kuma in ya cije sai ya kufce ya dawo kan mai riƙe da shi.

Idan tsautsayi ya auku, a danne raunin da tsumma mai tsabta, a ɗaga hannun sama, a garzaya asibiti. In yatsa ya guntule, a naɗe shi da tsumma mai tsabta mai ɗan danshi, a sa a leda a ɗaure, sannan a sa ledar cikin ruwan ƙanƙara, kada ƙanƙarar ta taɓa naman kai tsaye. Sukar ƙusa ma ba abin rainawa ba ce, domin ta nan ƙwayar cutar tetanus, mai sandarar da jiki da sarƙe haƙora, ke iya shiga. Allurar rigakafinta tana samuwa a asibitoci.

Ɓarnar da Ba a Gani da Wuri

Raunin zarto nan take ake ganinsa, amma na ƙura da ƙara sai bayan shekaru. Filen na hannu yana fitar da ɓawo mai nauyi da ke faɗuwa ƙasa, injin gogewa kuwa yana niƙa katako ya zama ƙura mai laushi da ke daɗewa tana yawo a iska. Hanci da maƙogwaro suna da majina da wasu 'yan ƙananan gasu masu motsi da ke share datti, amma in ƙura ta yi yawa sai ta fi ƙarfinsu, mafi ƙanƙanta kuma ta zarce cikin huhu. A shekarun 1960 likitoci a Ingila suka lura da yawan wata irin sankarar hanci, wadda ba a saba gani ba, a tsakanin masu ƙera kujeru na garin High Wycombe. A 1995 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Lyon na Faransa, ta sa ƙurar katako a jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan'adam sankara. An kuma san ƙurar obece da haddasa asma, ta iroko da ƙaiƙayin fata da asma, ta mansoniya kuma da atishawa da haɓo.

Wannan ya fi zama abin damuwa a wurin aiki na gida, domin ƙurar ba ta tsayawa a kan kafinta kaɗai, tana shiga ɗakuna inda yara da tsofaffi suke. Ya kamata a yi gugar katako a waje ko inda iska ke ratsawa, a sa takunkumi mai tace ƙura irin mai lamba N95 ko FFP2, domin rawani ko ƙyalle ba sa tare mai laushin. A yayyafa ruwa kafin shara, a kuma canza tufafin aiki kafin a shiga cikin iyali. Tabarau na kariya shi ma wajibi ne a duk lokacin da inji ke juyawa.

Game da ƙara, a can cikin kunne akwai ƙwayoyin halitta masu kama da gashi, kimanin 16,000 a kowane kunne, waɗanda ke mayar da sauti saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani tana kashe su, kuma a jikin ɗan'adam ba sa sake tsirowa. Masana sun sa iyakar desibel 85 na tsawon awa 8 a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage wannan lokaci da rabi. Zarto mai faifai yakan kai desibel 100, inda iyakar ta koma minti 15 kacal. Abin toshe kunne kuwa kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Gwaji Don Ɗalibai

Malamin kimiyya zai iya nuna wa ɗalibai gaskiyar wannan bayani da kayan da ke cikin ɗakin gwaji. A yanko guntun ɗanyen katako, a auna nauyinsa, da tsawonsa ta bin jijiya, da faɗinsa. A busar da shi a tanda mai zafin kimanin digiri 103 a ma'aunin Salshiyos, ana aunawa lokaci-lokaci har nauyin ya daina raguwa. A debe nauyin ƙarshe daga na farko, a raba da na ƙarshe, a ninka da 100. Alal misali, guntun da ya tashi daga giram 130 ya koma giram 100 yana da danshi kashi 30 cikin 100. In aka sake awo za a ga faɗi ya ragu, tsawo kuwa kusan yana nan yadda yake. Haka kuma, in aka shafa ruwan sabulu a bakin ɗan guntun itace mai manyan ramuka aka hura ta ɗaya bakin, akan ga kumfa na tashi, alamar bututun da suka taɓa kai ruwa ga ganye.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa zaɓen kayan aiki yana da jeri. Da farko sanin katako da busar da shi, sai benci da kayan awo, sai kayan hannu da dutsen washi, sai kayan kare ido da hanci da kunne, sannan inji, ɗaya bayan ɗaya gwargwadon bukata. Wanda ya juya wannan jeri ya fara da inji, yakan kashe jarinsa a kan abin da bai iya sarrafawa ba, ya kuma ci gaba da ƙera teburin da hunturu zai tsaga.

Ya kamata kuma a tuna cewa falankin da zarto ke ratsawa cikin daƙiƙa goma, bishiya ta yi shekaru masu yawa tana gina shi. Madobiya, wadda a da ta wadata a dazuzzukan Afirka ta Yamma, an sare ta don fitarwa waje har ta kai a shekarar 2016 aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta ƙasa da ƙasa ta taƙaita cinikinsu. Kujerar da ta yi shekara talatin tana aiki ta tsare bishiyoyin da da an sare don maye gurbinta. Saboda haka kafintan da ya auna da kyau, ya wasa kayansa, ya bar katako ya bushe, ya taimaki aljihunsa da lafiyarsa, ya kuma taimaki daji. Sannu dai ba ta hana zuwa.